Facin Alcide

Wata bakwai ina ɓare jatan lande a masana'antar Dulac,
yatsuna sun yi kanta, ƙarni ya auri rigata.
Abin da na tara a gwangwanin kofi
dala ɗari uku da arba'in ne, da 'yan canji.
Na ƙirga sau uku. Ba su haihu ba.

A babban kantin Houma
an rataye kayak jere, kamar nama a rumfar mahauta:
wani mai feda, wani mai kujera irin ta gwamna,
wani har da na'urar leƙen asirin kifi.
Yaron kantin ya shafa bayan wani kore:
"Wannan ko rawa ka taka a kai ba ya kifewa."
Na juya takardar farashin,
na sake ta kamar garwashi.

Mai arahar cikinsu yana can lungu, siriri,
na danna shi da babban yatsa, ya lotsa.
Araha ba ta ado, na sani,
ni kuwa ba ado nake nema ba.
Akwai kada a ruwanmu.

Ranar Asabar, a hanyar Montegut,
na ga kwali a jikin shinge, da rubutun hannu mai rawa.
Rawaya ne a da, rana ta shanye launinsa.
Mai faɗin ciki, ƙafa goma sha biyu,
kututture sun yi wa gindinsa zane,
ga faci a baya, girman tafin hannu.

Tsohuwa Odile Naquin ta fito da silifas.
"Kada ka yarda da bakina," in ji ta. "Jawo tiyo."
Muka ɗora shi kan benci biyu, muka cika shi da ruwa.
Tana kurɓar kofi, ina tsugune ina kallon ƙasa.
Rabin awa.
Ko ɗigo.
"Alcide ne ya yi facin da hannunsa.
Alkawarinsa yakan yi yoyo, Allah ya ji ƙansa,
amma facinsa bai taɓa yi ba."

Ta ce ɗari uku. Na miƙa.
"Kana da rigar ceto?" Na yi shiru.
"Ka iya ruwa?" Shirun ya ƙara tsawo.
Ta zare sittin ta cusa mini a aljihu:
"Je ka sayo, mai kama ƙirji tsam.
Iya ruwa fidda kai, kai kuwa ko iyawar babu.
Filafilin kyauta ne.
Bashin da ke kanka: tarwaɗar farko tawa ce."

Na ɗaure shi kan tsohuwar motata da igiyar shanya,
ya fi motar tsawo, ya fi ta mutunci.

Da asuba sauro suka riga ni zuwa.
Na shiga, ya yi tangaɗi, na kira sunan uwata.
Na tuƙa dama, ya yi hagu.
Sau uku muna zagaya kututture ɗaya,
wani zalɓe yana kallona kamar mai bin bashi.
Sai na ga inda kujerar ta lotsa,
inda dugadugan wani suka goge robar ta yi santsi.
Na sa ƙafafuna a sawunsa.
Jirgin ya miƙe.

Har rana ta take fatsata ba ta motsa ba.
Kifi na ganinka, mai jar koma.
Sai gab da zan naɗe, igiya ta yi ƙasa:
tarwaɗa ce, ba ta kai tsawon takalmina ba.

Na kai mata cikin bokiti, kunya tana cina.
Ta ɗaga ta, ta duba gemunta, ta yi dariya har da tari.
"Tasa ta farko ba ta kai wannan ba.
Shigo. Akwai garin masara, mai ya yi zafi."